Ƙarfen zubi da gamin nikel: shin tsada ce kaɗai ta raba su?

Mai_Casa_Kura:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da injin dizal da ke jan injin casar shinkafa, kuma makonni uku da suka wuce bututun hayaƙin da ke manne da kan injin, wanda makanikai ke kira manifol, ya tsage kusa da bakin noti. Na kai shi wurin wani mai walda ya ɗinke shi da sandar walda ta gama-gari, amma kwana huɗu kacal ya yi yana aiki sai ya sake tsagewa, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne ɗinkin yana nan daram, gefensa ne ya dare. Na biyun da na je wurinsa ya ce wannan kas ne, wato ƙarfen zubi, kuma sai da sandar nikel, wadda kuɗinta ya ninka na waccan sau da yawa. Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya ya ce mini da nikel ake ƙera injin jirgin sama, don haka ya fi ƙarfen zubi ta kowace fuska, tsada ce kawai ta hana a yi komai da shi. Tambayata ita ce, shin haka abin yake? Idan kuɗi ba matsala ba ne, gamin nikel ya fi ƙarfen zubi a kowane aiki?

Oga_Walda_Panteka:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai waldar ka na biyu ya faɗa maka gaskiya. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan sana'a, kuma ban taɓa ganin kas ɗin da ke shan zafi ya riƙe ɗinkin sandar gama-gari ba. Idan ka goga magagari a gefen irin wannan ɗinkin za ka ji yana zamewa kamar a kan gilashi, domin wurin ya yi taurin da ya wuce kima, kuma duk abin da ya yi irin wannan tauri gautsi ne da shi. Ɗinkin nikel kuwa magagari yana cin sa. Amma batun wanne ya fi wani a komai, na bar wa masu boko.

Injiniya_Samaru:
Ina ganin ɗan ƙanwarka, Alhaji, ya ɗauki ƙarafa kamar matakala ce guda, wani a sama wani a ƙasa, alhali kowanne da irin halinsa. Bari in fara da abin da ke cikinsu. Ƙarfen zubi baƙin ƙarfe ne da ke ɗauke da kabon kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100, da silikon kashi 1 zuwa 3. Wannan yawan kabon shi ne ke sa ya narke a wajen digiri 1,150 zuwa 1,200 a ma'aunin Salsiyus, alhali tsantsar baƙin ƙarfe sai ya kai digiri 1,538, nikel kuma 1,455. Saboda haka ana iya narka shi da sauƙi, ya kwarara kamar ruwa ya cika kowane lungu na mazubin yashi, shi ya sa ake yin gangar jikin inji da kan keken ɗinki da dutsen guga na gawayi da shi.

A cikin nau'in da muka fi sani, mai launin toka idan an karya shi, kabon ɗin yana zaune ne a matsayin girafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, kuma yana warwatse kamar ƙananan ɓawon albasa masu kaifin baki. Kowane ɗaya daga cikinsu tamkar ƙaramar tsaga ce da aka haifi ƙarfen da ita. Idan aka danne shi tsagogin suna rufewa, don haka yana ɗaukar nauyi ƙwarai, har ninki uku zuwa huɗu na abin da yake iya jurewa idan ana jan sa. Idan kuwa aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, ba ya miƙewa ko da kashi 1 cikin 100 kafin ya karye. Ƙarfinsa wajen ja, a ma'aunin da injiniyoyi ke kira megafaskal, yana tsakanin 150 zuwa 400 gwargwadon darajarsa. Gamin nikel da ake kira Inconel 718 yana wuce megafaskal 1,200 bayan an gasa shi yadda ya kamata, yana riƙe da mafi yawan ƙarfinsa har zuwa wajen digiri 650, kuma ɗan'uwansa Inconel 625 yana miƙewa fiye da kashi 30 cikin 100 kafin ya tsinke. Ta wannan fuskar yaron yana da gaskiya, babu ko tantama. Sai dai ƙarfin ja ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da mai ƙera inji yake dubawa.

Dalibin_Poly:
Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai a iya fahimtata, tukwanen silba da cokulan da ba sa tsatsa su ma gamin nikel ne, kuma ga su nan da araha a kasuwa. Me zai hana a yi manifol ɗin da irinsu?

Malama_Kimiyya:
Ɗalibi, akwai gyara a nan. Ƙarfen da ba ya tsatsa na kayan kicin, wanda aka fi sani da lamba 304, yana da kuromiyam kimanin kashi 18 da nikel kimanin kashi 8 cikin 100, sauran kusan duka baƙin ƙarfe ne, saboda haka a dangin ƙarfe yake. Idan aka ce gamin nikel ana nufin wanda nikel ne uwa a cikinsa. Monel, alal misali, kusan kashi biyu cikin uku nikel ne, sauran mafi yawa jan ƙarfe, kuma kamfanin International Nickel ne ya fito da shi a farkon ƙarni na 20 daga ma'adinin Sudbury da ke Kanada, aka laƙaba masa sunan shugaban kamfanin, Ambrose Monell. Idan kana son ganin gamin nikel na gaskiya a cikin gidanku, buɗe tsohuwar hita ko dutsen guga na lantarki ka dubi wayar da ke yin ja: nikel ne kashi 80 da kuromiyam kashi 20, kuma tana iya yin ja sau dubbai ba tare da ta ƙone ba. Da baƙin ƙarfe aka yi ta da tuni ta zama gari.

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Ina so in goyi bayan Injiniya da abin da muke gani da idonmu. Duk wanda ya taɓa kwance tobo na babbar mota, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta ƙara tura iska cikin inji, ya ga amsar tambayar Alhaji a hannunsa. Ƙaramar fankar da hayaƙi ke juyawa a ciki, wadda ke gudu fiye da zagaye dubu ɗari a minti ɗaya cikin zafi mai tsanani, da gamin nikel ake yin ta, kuma idan ka kanga mata mayen ƙarfe ba ya kama ta. Gidan da take zaune a ciki kuwa ƙarfen zubi ne. Mutanen da suka ƙera abin suna da ƙarafan biyu a gabansu, kuma suka ba kowanne wurinsa. Haka duram ɗin birki da faifan birki: har motocin da suka fi kowace tsada, yawancinsu da ƙarfen zubi suke fitowa.

Injiniya_Samaru:
Misalin birki da Bakanike ya kawo shi ne daidai inda nake son zuwa, domin a nan ko kyauta aka ba ka Inconel bai kamata ka karɓa ba. Aikin faifan birki shi ne ya kwashe zafin da gogayya ta haifar ya watsa shi da sauri. Ƙarfen zubi mai launin toka yana tafiyar da zafi da ƙimar kusan 50 a ma'aunin da ake amfani da shi, Inconel kuwa tsakanin 10 zuwa 15 kawai. Ma'ana zafin zai taru a fuskar faifan ya rasa hanyar fita. Na biyu, girafait ɗin nan da na ce shi ne rauninsa, shi ne kuma ke shanye girgiza. Ka rataye guntun ƙarfen zubi ka buga masa guduma za ka ji ƙara a dakushe ta mutu nan take, ka buga wa ƙarfen rodi za ka ji tana amsa-kuwwa. Saboda wannan ne ake yin gindin injin les, wato injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, da shi, domin inji mai rawa ba ya yanka daidai. Na uku, girafait yana da santsi, kuma ramukansa suna riƙe mai, shi ya sa silinda da ringin fistin na ƙarfen zubi suke daɗewa suna gogar juna. Akwai kuma nauyi: ƙarfen zubi yana da giram 7.2 a kowane dunƙule mai tsawo da faɗi da kauri santimita ɗaya-ɗaya, Inconel fiye da 8, Monel kusan 8.8.

Mai_Les_Sabon_Gari:
A ƙara da wahalar aiki. Kas ba ya ba mu matsala a kan les, a bushe muke yanka shi ba tare da ruwan sanyaya ba, kuma gari yake zubarwa, sai dai ka tashi hancinka da hannunka sun yi baƙi ƙirin. Sau ɗaya aka kawo mini wani sanda daga wata masana'anta aka ce in rage masa kauri, ban san Inconel ba ne. Na saka gudun da na saba, kafin in je rabin tsawonsa bakin wuƙar ya yi ja ya mutu. Na canza wata, ita ma haka. Daga baya wani ya fahimtar da ni cewa wannan ƙarfen yana ƙara tauri ne a daidai inda wuƙa ta goge shi, kuma tun da ba ya tafiyar da zafi, duk zafin a bakin wuƙar yake tsayawa. Aikin da na yi wa kuɗin awa ɗaya ya cinye mini yini biyu da wuƙaƙe uku.

Dan_Maradi:
Gaisuwa ga dattawan zaure. Ni tambayata ta ɗan kauce. Tukwanen da maƙeranmu ke zubawa a cikin yashi a nan Maraɗi da Damagaram, su ma ƙarfen zubi ne? Domin na ga ana fasa tsofaffin fistin ana narkawa.

Malama_Kimiyya:
A'a, Malam, waɗannan alminiyam ne, wanda ke narkewa a digiri 660, shi ya sa gawayi da zuga-zugi suke isar sa. Zubi dai zubi ne, amma ƙarfen daban. Su ma maƙeran baƙi na dā da suke dafa tama, abin da suke samu dunƙulen ƙarfe ne da ake bugawa a kan uwar maƙera, ba ruwan ƙarfe ba. Mutanen Sin ne suka daɗe da sanin narka baƙin ƙarfe har ya kwarara, tun wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Tsohon_Ma'aikacin_Ruwa:
Ina bin wannan muhawara tun farko, kuma ina ganin an ɗan yi wa nikel rashin adalci, domin duk misalan da aka kawo na busasshen wuri ne. Na yi aikin famfunan ruwa shekaru masu yawa kafin in yi ritaya. Akwai wata cuta da ke kama ƙarfen zubi idan ya daɗe a cikin ƙasa mai danshi ko ruwa mai gishiri: baƙin ƙarfen yana zagwanyewa a hankali ya bar girafait ɗin a tsaye, sai ka ga bututu da siffarsa cif, har rubutun da ke jikinsa ana karantawa, amma idan ka sa wuƙar aljihu sai ta shige shi kamar sabulu. Na taɓa fere gefen wani tsohon bawul da hannuna a gaban yaran da nake koya wa aiki, suka ɗauka siddabaru nake yi. Monel ba ya yin wannan, shi ya sa ake yin sandunan famfo da bawul na jiragen ruwa da shi. A wurin da ruwan teku ko sinadari mai ci yake, gamin nikel ba ya lalacewa sam.

Injiniya_Samaru:
Baba, na yarda da kai a kan ruwan gishiri, kuma bayanin da ka yi na wannan cuta ya fi wanda ke cikin littattafan da muke koyarwa da su. Amma kalmar "sam" ta yi nauyi. Nikel yana da abokin gaba, wato farar wuta. Idan ya haɗu da ita cikin zafi suna yin wani haɗi da ke narkewa a wajen digiri 640 kawai, ya bi tsakanin ƙwayoyin ƙarfen ya ruguza shi daga ciki. Sannan akwai wurin da ƙarfen zubi ke ba da mamaki: ruwan batir mai kauri sosai, wanda ba a sirka ba, an daɗe ana tura shi ta bututun ƙarfen zubi domin yana yi wa kansa wani ɓawo da ke kare shi. Ko a cikin gamin nikel ɗin ma, wanda ya jure wani sinadari ba lallai ya jure wani ba, shi ya sa ake da Monel da Inconel da Hastelloy, kowanne da inda ake kai shi.

Tsohon_Ma'aikacin_Ruwa:
Na karɓi gyara, Injiniya. Amma ka lura cewa tsofaffin bututun da na ce suna ruɓewa, na nau'in toka ne. Waɗanda aka riƙa kawo mana daga baya, masu danƙo, ko sun faɗo daga mota sai dai su lotsa.

Malama_Kimiyya:
Wannan da Baba ya ambata yana da tarihi mai daɗi, kuma ya shafi tambayar kai tsaye. Ƙarfen zubi mai danƙo a ɗakin binciken kamfanin nikel aka gano shi. A shekarar 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani mai bincike na International Nickel mai suna Keith Millis yana neman abin da zai maye gurbin kuromiyam, sai ya zuba magniziyam a cikin narkakken ƙarfen, ya tarar girafait ɗin ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwallaye maimakon ɓawo mai kaifi. Da yake ƙwallo ba shi da bakin da tsaga za ta fara, wani nau'insa yana miƙewa har kashi 18 cikin 100 kafin ya karye. Akwai kuma waɗanda suke tsakiya: Ni-Hard farin ƙarfen zubi ne mai ɗan nikel, ana yin kayan niƙa dutse da shi, Ni-Resist kuma ƙarfen zubi ne mai nikel daga kimanin kashi 13 har zuwa 36, wanda ake sakawa a ramin ringin farko na fistin ɗin dizal da gidan tobo mai shan zafi sosai. Saboda haka iyakar da ke tsakanin dangin biyu ba katanga ba ce.

Mai_Casa_Kura:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Amma har yanzu ban gane dalilin da ya sa nikel ke riƙe kas ba, alhali sandar da ta fi kama da shi ta kasa.

Injiniya_Samaru:
Dalilin kabon ne, Alhaji. Lokacin walda, kabon ɗin da ke cikin ƙarfen zubi yana narkewa ya shiga ɗinkin. Idan sandar ta baƙin ƙarfe ce, sai kabon ya haɗu da ita, kuma da yake wurin yana hucewa da sauri, sai ya zama mai tauri da gautsi kamar yadda Oga ya kwatanta da magagari. Sannan ɗinkin yana tsukewa yayin da yake sanyi, yana jan gefensa, gefen kuma ba ya miƙewa, sai ya dare. Nikel ba ya yin wannan haɗi mai tauri da kabon, yana tura shi waje ya koma girafait, don haka ɗinkin yana zama mai laushi, shi ne yake miƙewa a madadin kas ɗin. Sanduna iri biyu ne aka fi samu, mai nikel kusan kashi 99 da mai kusan kashi 55 wadda sauranta baƙin ƙarfe ne. Ta farko ta fi daɗin gyarawa a kan inji, ta biyu ta fi ƙarfi kuma ta fi dacewa da wuri mai kauri.

Oga_Walda_Panteka:
Sanda kaɗai ba ta yin aikin, Alhaji, kada ka saya ka miƙa wa wanda zai yi gaggawa. Da farko sai an kankare tsohon ɗinkin gaba ɗaya har da gefensa da ya yi tauri. A huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, a buɗe bakinta, sannan a gasa ƙarfen har man da ya sha ya daina hayaƙi. Ni ina ɗinki ne gajere-gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa, ina ajiye sanda in bi shi da ƙaramar guduma tun yana da zafi, sannan in koma wani gefen. Idan na gama sai in binne shi cikin toka mai ɗumi ko busasshen yashi har gobe, ba na barin ko iskar fanka ta taɓa shi. Amma zan faɗa maka abin da wasu ba za su faɗa ba: manifol ɗin da ya shekara da shekaru yana yin ja yana hucewa, wani lokaci kas ɗinsa ya riga ya ƙone, idan ka ɗora masa wuta sai narkakken nikel ya riƙa mulmulewa a kansa kamar ruwa a kan ganyen gwaza, ya ƙi kamawa. Idan na ga haka a ɗinkin farko nakan tsaya in ce wa mai kaya ya nemi na gwanjo.

Dalibin_Poly:
To ashe dai maganar kuɗin tana nan, domin na karanta cewa a watan Maris na 2022 farashin nikel ya haura dala dubu ɗari kan kowane tan a kasuwar ƙarafa ta Landan har aka dakatar da ciniki. Kuma an ce a 2016 an gano nikel a Dangoma da ke kudancin Jihar Kaduna. Idan aka fara haƙo shi sosai, sandar ba za ta yi sauƙi ba?

Bakanike_Kofar_Ruwa:
Wancan tashin na kwana kaɗan ne, ya sauko daga baya, amma ko a ranar da ya fi araha tan ɗaya na nikel yana sayen tan da yawa na ƙarfen zubi. Indunusiya ce ke fitar da fiye da rabin nikel na duniya yanzu, kuma farashin can ake yanke shi. Samun ma'adini a ƙasa daban, tace shi da mayar da shi sandar walda daban. Mu nan tsofaffin gangar inji da duram ake fasawa a sake zubawa, shi ya sa farantin injin niƙa yake da sauƙin kuɗi.

Tsohon_Ma'aikacin_Ruwa:
Ni har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. Idan aka keɓe manifol kaɗai, aka ce kuɗi ba matsala ba ne kamar yadda Alhaji ya tambaya, to na Inconel ya fi, domin da shi ake yin bututun hayaƙi na motocin tsere, kuma ba zai tsage don ya yi zafi ya huce ba. A wannan gurbin yaron bai yi kuskure ba.

Injiniya_Samaru:
A wannan gurbin ban musa ba, Baba, ko da yake masu tsere suna son sa ne domin ana iya yin sa da siriri ya rage nauyi, abin da injin casa da ke kafe a kan siminti ba ya buƙata. Ina kuma zargin cewa ba zafi kaɗai ya tsaga na Alhaji ba, tun da ya ce kusa da noti ne. Alhaji, salansar tana da abin da ya tallafe ta, ko a jikin manifol ɗin take rataye?

Mai_Casa_Kura:
A jikinsa take rataye, Injiniya, kuma bara na sa an ƙara mata dogon bututu don hayaƙin ya fita ta bayan rumfa, babu abin da ya riƙe shi sai notin nan biyu. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a kafa masa ƙafa, sannan in kai manifol ɗin a gwada ɗinkin farko kamar yadda Oga ya ce, in ya ƙi kamawa in shiga neman na gwanjo. Oga, idan kaurin wurin bai kai faɗin ɗan yatsa ba, wace sanda zan saya, mai 99 ko mai 55?

Oga_Walda_Panteka:
Ni mai 55 zan ɗauka, siririya, kuma a rage wutar injin. Ka tabbatar kwalin a rufe yake lokacin da za ka saya, domin wadda ta sha iskar damina tana tofi.